Tumatir Ɗan Jami'a

A daminar da na gama shekarar farko a jami'a na dawo gida hutu da ɗan fakitin irin tumatir a aljihu. A wani shago a Rijiyar Zaki na saye shi, saboda hoton da ke jikinsa. Tarihi nake karantawa, ba noma ba, amma a ƙauyenmu da ke bayan Gezawa duk wanda ya shiga jami'a ana ɗauka komai ya sani.

Inna, mahaifiyata, ta bar mini wurin da take shuka kuɓewa a bayan ɗakinta. Ni ne ɗan farinta, don haka ba ta kiran sunana, ba ta doguwar magana da ni, balle ta yabe ni a gaban mutane.

Na kafce ƙasar, na marmashe taki da hannu, na yayyafa irin, na rufe da ciyawa. Ya tsiro siri-siri. Sai aka shiga ruwa ba ƙaƙƙautawa, tsiron ya ruɓe daga gindi ya kwanta. Ban faɗa wa kowa ba. Wata safiya ina zagayawa bayan katangarmu na ga tumatir ya fito da kansa a wani lungu, kore shar, kara mai kauri. Na ce wannan kyautar Allah ce. Na tono shi da ƙasarsa na dasa a wurin nawa.

Ya kama. Na kafa wa kowane gindi sanda, na ɗaure da tsumma, ina bin ganye ina cire tsutsa. 'Ya'yan ƙanana ne, ba irin na hoto ba, amma sun yi yawa har rassa suna rinjaya. A lokacin kuwa kowa da busasshen tumatir yake miya.

Inna ba za ta iya yabona ba, sai ta koma yabon tumatir. Ina ɗaki ina jin ta tana ce wa maƙwabta, "Irin jami'a ne, daga can aka zo da shi." Nan da nan sunan ya bi shi, ɗan jami'a. Tana aika wa gidaje a 'yan kwanoni, mata suna cewa a ajiye musu iri. Ban gyara maganar ba, don daɗinta nake ji.

Saboda masu neman irin ne na shiga karanta yadda ake adana shi a waya. A nan na ci karo da bayanin cewa ƙwayar tumatir tana ratsa cikin mutum ta fito da ranta, ta tsiro a inda ta faɗi. Na ajiye wayar. Lungun nan, a can ake zubar da fon yaran gidanmu.

Na rasa bakin da zan faɗa wa Inna irin wannan magana. Sai na nufi ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba, wadda ke kirana maigidanta tana mini gorin ban taɓa yi mata cefane ba. Kaina a ƙasa na ba ta labari. Ta yi dariya har da tari.

"Kai, maigida! Ashe a bayan katanga ya yi digirin nasa!"

"Kaka, don Allah ki yi a hankali."

"Yo mene ne? A sama yake 'ya'ya, ba a ƙasa ba. Takin da ake kai wa gona daga Makka ake zuwa da shi?"

"Ba cin ba ne. Inna ce take ta faɗa wa mutane."

Ta daina dariyar. Ta ce, "To wannan kam ba ni zan faɗa mata ba. Kai ka bar ta tana faɗa, kai za ka je."

Na samu Inna a tsakar gida tana matse nunannun a ƙwarya, tana shanya ƙwayar a faifai don masu jira. Na durƙusa daga nesa. Na ce irin da na zo da shi ya mutu tun farko, wannan daga lungun bayan katanga na tono shi. Ba sai na ƙara bayani ba, ta fi ni sanin lungun. Hannunta ya tsaya cikin ƙwaryar. Ba ta dube ni ba. Da faɗa ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Da la'asar wata maƙwabciya ta yi sallama, tana ɗaga murya tun daga zaure, wai ta zo karɓar ɗan jami'anta. Ina ɗaki da littafi a buɗe, ban san abin da ke shafin ba. Na ji Inna tana cewa a hankali, "Ni ce na yi kuskure. Ba na jami'a ba ne, a nan gida ya fito. In kina so a haka, ga shi."

"Haba, ba ke kika ce yaron ne ya zo da shi ba?"

"Na faɗa ban bincika ba."

Ya kamata in fito in ce laifina ne. Na miƙe har na kama labule, amma ban fita ba. Ina nan tsaye har matar ta tafi, Inna ta ɗauki tsintsiya ta hau shara.