Fitilar da ba ta shiga ido

A da, kullum da hantsi za ka ga Baba Mai Hoto a titi, kyamara a wuya, farar lema a hammata ko babu hadari. Shekara talatin yana bin shagunan masu sana'a, yana ɗaukar su a bakin aikinsu. Bana gwiwa ta ajiye shi, amma har yau ba wanda ya ce masa sannu. Wannan abin kunyarmu ne!

A tambayi tsoho mai gyaran agogo. 'Yarsa ta dage cewa idonsa ya gaji, ya rufe shago ya huta. Ita ce kuma ta turo a ɗauke shi hoto. Baba na shiga, tsoho ya haɗe rai.

"Hoton bankwana ne, ko? Ku ɗauka, ku sa wa ƙofa kwaɗo."

Baba ya cire filasha daga kan kyamara, ya ɗaura ta a sanda can gefe, ya juya bakinta cikin lema.

"Malam, me fitilarka ke nema kusa da agogunan mutane?"

"Gudun gilashinsu take yi. In na haska daga gaba, duk za su yi walƙiya, ka ɓace a tsakiyarsu."

"To idona fa? Ɗan abin da ya rage za ka ƙone?"

"Kada ma ka kalle ni. Fuskarka ba ta kai aikinka kyau ba."

Tsoho ya harare shi, ya jawo akwatin agoguna kusa da cinyarsa, sannan ya duƙa kan aiki. Baba ya jira har tsoho ya manta da shi, sai ya danna sau ɗaya.

Da hoto ya fito, haske ya zubo daga gefe kamar ta taga, ya sauka kan yatsun tsoho. Ga wata ƙusa da ba ta kai ƙwayar gero ba, yana zaunar da ita daidai a raminta. 'Yar ta daɗe tana kallo, sannan ta juya ga mahaifinta.

"Baba, ni da ƙuruciyata ban hango ramin nan ba."

Har gobe shagon a buɗe yake.

Kai ne ka yi wannan, Baba Mai Hoto, mai haske ba kashe ido! Mun gode, Allah ya ba gwiwa lafiya. Ku kuma samarin da ke watsa wa mutane filasha a fuska kamar kun kama ɓarawo, ku je ku tambaye shi inda ake ajiye fitila, tun yana nan.