Kofin Kujerar da Babu Kowa

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da fuskokin wasu da muka ci tuwo tare, amma la'asar ɗin da na buɗe kwalbar da ba a buɗewa tana nan a raina har in koma ga Allah.

Shekaru kaɗan bayan babban fari, ina aikin kuku a gidan wani anasara mai gina rijiyoyi, a kan tudu bayan Buza, ta hanyar Karofane. Mushe muke ce masa, yadda Faransawa ke kiran mai gida. Mutum ne shiru-shiru, sai damina ta faɗi, lokacin da ake tseren kekuna a ƙasarsu har mako uku. Telebijin babu, da kunne yake kallo. Bayan azahar sai ya kunna rediyo, ya shimfiɗa taswirar Faransa a tebur, yana bin 'yan tsere da yatsa. Kowace rana da giyar inabinta: ta yankin da kekunan ke ratsawa ita zai sha. Idan suna bakin teku, fara da kifin gwangwani. Idan sun shiga duwatsu, ja da gasasshen naman akuya. Ya jera kwalaben a mangaza, wato ɗakin ajiya, ni dai in ɗauko ta gaba in buɗe. Ban iya karatu ba, jerin nake bi.

Abin da ya dame ni, kofi biyu yake cikawa. Ɗaya nasa, ɗaya a gaban kujerar da babu kowa. A rumfar da yake zama kuma akwai wani tsohon keke rataye da ƙugiya, ba a hawansa. In tsere ya ƙare, sai ya ɗauki kofin kujerar ya shanye.

Tsohon gardin gidan, wato mai gadi, wanda iyayensa suka mutu a kan addinin gargajiya kamar kakana, shi ya fara magana.

"Kai, kuku, ka ga abin da mai gidanka ka yi? Ƙanenai na ya mutu bisa keken ga, can cikin duwatsunsu. Abin da anka ba matacce, ba a amshe shi."

"Baba, mu yanzu Musulmi muke," na ce.

"Mu dai. Shi mataccen da aka sa wa kwaɗayi kullum, ka tambaye shi?"

Na yi dariya, amma ban ji daɗinta ba, don na riga na lura da ƙafar gaba ta keken. Da an kunna rediyo take fara juyawa a hankali, tik, tik, tik. Na ce iska ce. Shi kuwa Mushe kullum ramewa yake, yana kallon gangaren da ke gaban gida, mai duwatsu kamar haƙoran kura, wanda ko jaki ba ya sauka da kaya.

Ana nan rufin mangaza ya yi yoyo. Na kwashe kwalabe na shanya, na mayar yadda na ga ya dace. Akwai wata mai ƙura da take ɓoye a lungu, da takarda manne an yi rubutun hannu. Na goge ta, na sa cikin 'yan'uwanta.

Ranar da tsere ya kai manyan duwatsu, hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Gari ya yi tsit, ko ganyen bedi ba ya motsi. Na ɗauko ta gaba na buɗe, na cika kofi biyu. Mushe ya kai hannu, ya ga takardar, fuskarsa ta koma kamar toka.

"Wa ya ce ka buɗe wannan?"

"Ita ce a gaba, Mushe."

"Ƙanena ya saye ta. Ya rubuta, a buɗe ranar da na dawo."

Daidai nan muryar mai labari ta ɗauke. Rediyo bai mutu ba, sai wani huci a cikinsa, irin na mai hawan tudu. Karen gidan ya kalli kujerar, ya ja da baya yana kuka ƙasa-ƙasa. Ƙafar keke kuwa tana gudu har ba a ganin wayoyinta, kuma wallahi babu iska.

Mushe ya miƙe yana murmushi, murmushin da ban so ba.

"To ya dawo ke nan. Yana ƙasan tudu. Bari in taro shi."

Ya kama keken zai sauke. Keken da burkinsa ya tsinke tun kafin in zo gidan. Na san idan ya hau gangaren nan, gawarsa za mu ɗauko. Na yi kira, bai ji ni ba. Gardi yana bakin ƙofa, ya kasa tashi, sai ya nuna mini ƙasa da haɓa.

Ina yaro na ga kakana yana tsiyaya wa matattu abin sha a gindin tsamiya. Na ɗauki kofin kujerar da kwalbar, na tsaya a bakin rumfa na tsiyaye su a ƙasa, har ɗigon ƙarshe. Na ce, "Ga naka, an ba ka duka. Ka bar mai rai."

Ƙasa ta shanye kamar ba a zuba komai ba. Tik, tik, sai ƙafar ta tsaya. Muryar mai labari ta dawo tana ihun wani ya ci. Mushe ya saki keken, ya zame ya zauna a ƙasa yana kuka kamar yaro, ruwa ya kece.

Na yi istigfari, na yi sadakar masa ranar Juma'a. Mushe bai kore ni ba. Washegari ya ce in kawo kofi ɗaya, ya ba gardi keken. Ko mene ne ya zauna a kujerar nan, Allah ne masani. Ni abin da idona ya gani na faɗa.

Ranar ta koya mini cewa wanda ya tafi, a ba shi nasa a sallame shi, kada a riƙa kiransa kullum ana hana shi. Ta kuma koya mini kada in sake buɗe abin da ban karanta ba. Shi ya sa yau, da furfurata, nake zama a ajin karatun manya ina bin baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya, ba na gaggawa.