Kwanakin da Kwamfuta Ta Ƙi Tsallakewa

In dai da raina, abin da ya same ni a Tafoki ba zai taɓa fita daga zuciyata ba. Lokacin kuɗin fetur sun shigo ƙasa, gwamnati tana ta ɗaukar ma'aikatan gona, har da irina da ban daɗe da gama makaranta ba. Aikina auna ruwan sama. Akwai ma'auni a ƙofar masaukina a Tafoki, mazurari ne a kan kwalba, kullum da safe in duba in rubuta. Akwai wani a Ketare, wani a Damari, masu kula da su suna rubutawa, ni kuma in zagaya da babur in karɓo, in aika ofishinmu na Funtuwa.

A ofishin akwai wani dattijon akawu da ke huda alƙaluman a jikin kati, ƙarshen wata a kai Zariya a zuba wa kwamfuta. Ni ban taɓa ganinta ba, amma na san halinta, don ranar da zan kama aiki akawun ya ja mini kunne. "Ko ba a yi ruwa ba, ka sa sifiri," in ji shi. "Na'urar nan jera kwanaki take yi ɗaya bayan ɗaya, in ta rasa guda sai ta cije." Na yi dariya a raina, na ce ashe akwai wanda ya fi malaminmu na lissafi taurin kai.

Masaukin nawa tsohon sito ne a bayan gari, cikin gonar gwaji. Ni mutum ne mai nauyin baki, ga ni baƙo, gaisuwa kawai ke haɗa ni da mutane. Sun kuma saba in kama hanya in yi kwanaki ba su gan ni ba. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai a wurin nan, har nakan tsinci kaina ina yi wa kwalbar magana.

Cikin tsakiyar damina na dawo daga Damari ruwa ya yi mini duka. Na tura babur cikin ɗaki na kwanta, washegari zazzaɓi ya rufe ni. Na ɗauka na kwana biyu ne, sai abu ya ƙi. Dawa ta yi tsawo ta rufe siton ta ko'ina, ina jin muryoyin masu zuwa gona, in yi kira, muryata ba ta wuce bakin ƙofa ba. Garin tuwon da nake da shi ya ƙare, tulu ya ƙafe. Ƙarshe da jan ciki nake isa wurin ma'auni in shanye ruwan da aka ɗauke ni aiki in auna. Tsoron mutuwa ya kama ni, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne ba wanda ya san ina kwance.

Wata rana da hantsi na ji ƙarar mota, sai ga akawun nan ya turo ƙofa, mai unguwa na biye da shi. Mai unguwa ya yi salati ya durƙusa kusa da ni. "Malam, mi ya same ka haka? Wallahi mun ɗauka ka tahi Damari, da ba mu ga babur ba." Idonsa ya cika da ƙwalla.

Sai a gadon asibiti akawun ya ba ni labari. Da aka zuba katunan watan, kwamfuta ta tsaya, ta fito da takarda cewa kwanakin ƙarshen wata babu su a garuruwa uku. Shugabanmu yana sauri, ya ce a cike da sifiri a wuce wurin, ai malaman ƙauye sun saba makara. Akawun ya dubi takardar ya ga Ketare da Damari sun tsaya rana ɗaya, Tafoki ta bi su washegari, kuma duk ta hannun mutum ɗaya suke zuwa. Ya ce mini, "Na ce mashi, ranka ya daɗe, sifiri na nufin an duba ba a ga ruwa ba. Nan kuwa ba a duba ba ne. Bari in tahi in ga mai dubawar."

Da na warke na koma Tafoki, mai unguwa ya hana ni kwana a sito, ya ba ni ɗaki a zaurensa. Kwanakin da ba a auna ba kuwa an ba su wata alama ta daban wadda kwamfuta ta yarda da ita, mai nufin ba a sani ba, haka suka zauna.

Yanzu na tsufa, kuma har gobe abin yana yi mini ciwo, cewa a duk faɗin duniya na'ura ce ta fara lura babu ni. Abin da na koya shi ne, shirun mutum ba shaidar lafiyarsa ba ce. Shi ya sa in na rasa wani a sahun masallaci, ba na cewa ƙila ya yi tafiya. Takalmina nake sawa in je in buga masa ƙofa.