Madannai Bakwai

Shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar Malam a babur daga Ƙofar Sauri zuwa gidan rediyon da muke aiki. Shi makaho ne tun yana ɗan shekara tara, kuma shi ke gabatar da shirin gaishe-gaishe da sanarwa na hantsi. Ni kuwa aikina kula da na'urorin sutudiyo. In ya hau bayana yakan dafa kafaɗata ta dama, ya riƙa faɗa mini inda muke daga jin ramukan hanya. Ban taɓa kama shi da kuskure ba, kuma na yi ƙoƙari.

Lokacin soja da kaset muke aiki. Malam yakan yi wa kowane kaset tsaga da reza a gefe, ya jera su a kwalin takalmi, ya fi mu masu ido saurin zaro wanda yake so. Da farar hula suka dawo suka zauna da gindinsu, sai aka ce kaset ya zama tsohon yayi. Aka kawo kwamfuta, aka kawo sabon manaja, aka kawo ma'aikata huɗu kowa da takardar wani babba a aljihu. Ɗaya daga cikinsu, wani magidanci mai takalmi mai ƙara, tun satin farko ya fara cewa ai shirin hantsi yana buƙatar sabon jini. Daga ranar na sa masa ido.

Kwamfutar nan ba ta san makaho ba. Sai ka ga 'yar kibiya a gilashi, ka ja ta, ka nuna waƙar da kake so. Malam ya yi wata biyu yana magana wani na danna masa, kuma na san abin yana cin sa. Daga baya wani injiniya ya zo da ɗan allo mai madannai bakwai a jere, wanda ake iya ɗora wa kowane madanni sautin da aka ga dama. Ya zauna da Malam, Malam na taɓawa yana faɗin abin da yake so a wurin, shi yana ɗorawa. Na tsakiya aka sa wa taken tasha, Malam ya liƙa masa ɗan ƙaro don yatsa ya gane shi. Ranar ya yi shirinsa shi kaɗai, ya fito yana dariya har da hawaye.

Allon yana da lahani guda. In aka ɗauke wuta kafin janareta ya tashi, kwamfutar takan manta abin da ke kan kowane madanni, sai an sake ɗorawa. Saboda haka na ce Malam ya faɗa mini jerin in rubuta. Ya ce na farko karatun da ke buɗe sanarwar rasuwa, na biyu buɗe shiri, haka har na bakwai, kalangun gaisuwar biki. Na rubuta, na ninke takardar na sa a cikin hulata, don ban yarda in bar ta a sutudiyo ba.

Karon farko abin dariya ne. An ɗauke wuta da sassafe, na gyara allon, na danna mai ƙaron na ji taken tasha ya tashi, na fita shan shayi. Malam ya danna buɗe shiri, sai ga tallan takin zamani. Ya wayance, ya ce to manoma sun riga kowa sallama. Injiniyan gidan ya zauna da shi suka mayar da komai. Ni dai na tuna na ga mai takalmin nan yana shawagi a baranda da safen, kuma ba ranar aikinsa ba ce.

Karo na biyu babu wanda ya yi dariya. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar labarai, Malam na can yana alwala, na gyara allon a gurguje, ya shigo ya zauna saura minti ɗaya. Don gaggawa bai danna buɗe shiri ba, kuma sanarwar farko rasuwar mahaifiyar wani ɗan majalisa ce. Malam ya sassauta murya, ya danna, sai kalangu ya ɓarke a duk gidajen Katsina. Kafin azahar motoci biyu sun iso daga GRA, unguwar manya. A wancan lokacin komai jam'iyya ne, har tarin da mutum ya yi a iska sai an tambayi wa ya sa shi. Aka ce makahon nan ɗan adawa ne. Manaja ya kira shi ya ce in aka sake, ko da kuskuren tari ne, zai koma gida a ba wani shirin. Kowa ya san wane ne wanin.

Na ji haushi ƙwarai, kuma na tabbata a raina na san mai yi. Na shiga bin mai takalmi kamar ɗan sandan ciki. Na san lokacin da yake zuwa, na san wanda yake ba goro, na tambayi maigadi, na tambayi mai shara, har injiniyan ma na daina sakin baki a gabansa. Na daina amsa gaisuwar mutumin sai da ka. A cikin makon ne Malam ya aiko a ce mini kada in ƙara wahalar biyo masa, ɗan acaɓa zai riƙa kawo shi. Na ɗauka baƙin ciki ne ya sa yake son kaɗaici. A wurin aiki ma gaisuwar da muke ja har mu tambayi awakin juna ta koma lafiya lau, lafiya lau.

Bayan kwana goma sha wani abu aka sake ɗauke wuta, wajen ƙarfe takwas na safe. Na ce yau za a yi ta ta ƙare. Na kori kowa, na zaro takardata, na ɗora sautukan ɗaya bayan ɗaya, na danna mai ƙaron, na kulle sutudiyo na jefa mabuɗi a aljihu. Na ja kujera na zauna a bakin ƙofa har Malam ya iso. Na buɗe masa ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi.

Ya shiga ya zauna. Ya sa abin sauraro a kunne, ya danna madannin da ke ƙarshen dama, ya saurara. Ya kai yatsansa hanci. Sannan ya tambaye ni wa ya shigo ɗakin. Na ce wallahi babu kowa sai ni, ga ma mabuɗi.

"Na sani," in ji shi. "Tun ran hwarko warin man babur ɗinka nike ji bisa allon ga. Abin da ban sani ba shi ne mi na yi maka."

Ban taɓa jin magana ta shige ni haka ba. Na rantse, na zaro takarda na karanta masa, na ce ga na farko nan, na buga madannin da yatsa don ya ji inda yake. Ya miƙo hannu ya lalubi nawa, ya ɗauke shi daga hagun allon ya kai shi dama.

"Nan ne na hwarko. Kai da mi kake fara cin tuwo?"

Malam bai taɓa ganin rubutun boko ba. Allon karatun Alƙur'ani da ya wanke yana yaro daga dama yake farawa, takalmi ma na dama yake fara sawa. Ni kuma na lissafa daga hagu, yadda aka koya mini a firamare. Duk lokacin da na gyara, jerin yakan juye gaba ɗaya, rasuwa ta koma wurin biki. Madanni ɗaya ne ba ya motsi ko ta ina ka faro, na tsakiya mai ƙaro, kuma shi kaɗai nake gwadawa.

Malam ya fara shirinsa daidai lokaci, bayan mun gyara tare. Ni kuma na tafi ofishin manaja na faɗi komai, na roƙa a aika wa ɗan majalisar bayani da sunana. Aka dakatar da ni sati biyu, aka bar wa Malam shirinsa. Kafin in fita na nemi mai takalmi na gaishe shi gaisuwa cikakkiya. Ya amsa yana kallona da mamaki, don bai ma san na taɓa zarginsa ba. Shirin dai yana so har gobe, wannan bai ɓoye ba.

Abin da ya fi dakatarwar ciwo shi ne lissafin da na yi daga baya. Kusan wata guda mutumin nan yana zaune kusa da ni yana tunanin an saye ni, bai faɗa wa kowa ba, bai kai ƙarata ba, alhali aikinsa ne a bakin rami.

Washegari, ko da yake ba ni da aiki, na je Ƙofar Sauri na tsaya a ƙofar gidansa ban kashe babur ba. Ya fito da sandarsa, ya tsaya yana sauraron injin. Ya sallami ɗan acaɓan da ke jiransa, ya hau bayana. Amma ƙarfen bayan kujera ya riƙe. Muka wuce rami na farko bai faɗi inda muke ba, muka wuce na biyu. Sai da muka kusa Ƙofar Kwaya na ji hannunsa ya sauka a kafaɗata, ya ce in rage gudu, akwai wani ramin nan gaba.