Lyall Treloar, Wanda Ya Zaɓi Tudu

Ranar Talata, tara ga watan Yuli, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah ya karɓi ran yayana Lyall Treloar a asibiti a Port Augusta, bayan ya sha fama da ciwon huhu tun farkon sanyi. Shekararsa saba'in da ɗaya. Ina kicin ɗin gidan tsofaffi a nan Quorn ina fere dankali sai matarsa Coralie ta bugo waya. Ba ta ja magana ba, ta ce, "Glenys, ya tafi." Na ajiye wuƙa, na wanke hannu, na zauna a kan buhun dankalin. Wanda ya ba mu shi ya karɓi abinsa, ba mu da ta cewa.

Shekara goma sha huɗu ke nan mutanen garin nan suna cewa Lyall ne ya jawo mutuwar mijina Kelvin, wai shi ya sa muka kafa tanti a cikin busasshen rafi. Ba haka aka yi ba. Ni kaɗai na rage a duniya da na ga yadda aka yi da idona, kuma yau zan faɗa wa kowa. Amma bari in fara faɗin ko wane ne shi.

Lyall, kai ka rene ni. Ina da shekara tara Mama ta rasu, Baba kuma yana yawon askin tumaki daga wannan gona zuwa waccan, sai ya yi wata biyu ba mu gan shi ba. Kai ka koyi kitso saboda ni, kitson da ko akuya ba za ta yarda da shi ba. Ba ka taɓa kirana Glenys ba sai in na yi laifi. Kullum Auta, har na yi furfura.

Duwatsun Flinders ka san su kamar tsakar gidanmu. Fiye da shekara talatin, duk wanda zai shiga jeji ya kwana, ƙofarka yake fara ƙwanƙwasawa. Malaman makaranta, matan coci, baƙi daga Adelaide da sababbin takalmansu. Ba ka son taswirar da ake sayarwa. Sai ka juya bayan ambulan ka zana musu hanya da fensir, ka sa gicciye inda za su kwana, ka rubuta ranar da za su fito, ka ba Coralie kwafi ta manna a jikin firji. In ranar ta wuce ba su fito ba, ka ɗauki mota ka bi sahu.

Baƙi kan zo da jerin wurare goma da suke son gani a kwana biyu. Kai kuwa sai ka soke takwas. Kakan ce wanda ya ga wuri goma bai ga ko ɗaya ba. Kwazazzabo da safe ake shigarsa, kafin dutse ya ɗau zafi. Tsauni da la'asar ake hawansa, lokacin da duwatsu ke komawa ja kamar garwashi. Tsakar rana kuwa ta shayi ce, a gwangwaninka mai baƙin gindi, da burodin da kake gasawa cikin toka. In mutum ya yi haƙuri ya zauna shiru inda ka nuna masa, sai ya ga ƙananan kangarun dutse, dabbobin nan masu tsalle da ratsin wutsiya, sun sauko shan ruwa. Ka sa manyan mutane masu manyan ofisoshi sun zauna awa biyu ƙudaje na bin fuskarsu, kuma su tashi suna godiya.

Wajen zaɓen masauki ne aka fi saninka. Kowa in ya sauka daga mota ƙasa yake dubawa, yana neman wuri mai laushi. Kai sama kake fara dubawa. Kakan nemi tarkacen da ruwa ya bari a rassa, busasshiyar ciyawa da ƙirare da suka sarƙe can sama da kan mutum, ka ce ga inda ruwa ya kai wancan karon. Kakan dubi manyan bishiyoyin turare na bakin rafi, waɗanda ke sakin reshe mai nauyin bijimi ba iska ba gargaɗi. Sannan ka dubi hadari a kan tsaunuka masu nisa. Sai bayan wannan ka sunkuya ka nemi gidan tururuwa. Maganarka guda ce, duk yaran garin nan sun haddace ta: ruwa ba ya manta hanyarsa.

Na tuna wasu mata da miji 'yan Holland da ka tarar sun kafa tanti a gindin wata tsohuwar bishiya. Ba su jin maganarka sosai, kai ma ba ka jin tasu. Ka cire turakunsu da hannunka, ka ja tantin zuwa fili, mijin yana binka yana faɗa. Washegari ya nuna maka bishiyar, ko ganye bai faɗo ba. Ka dube ta ka ce masa ba yau ba. Daga baya duk Kirsimeti sai sun aiko maka da kati da hoton bishiya, a ƙasa sun rubuta ba yau ba.

To, ga abin da ya faru a hutun Ista na waccan shekara.

Mu biyar muka tafi, kai da ni da Kelvin da 'ya'yana biyu, Sharee mai shekara goma sha uku da Janine mai goma. Coralie ta zauna gida da ciwon ƙafa. Da azahar muka isa wurin da muke kira Rafin Awaki. Mota na tsayawa yaran suka dira suka nufi hanyar tsauni da gudu, don ka yi musu alkawarin kangarun dutse. Ka cire hularka ka nuna mana wani tudu mai tsakuwa, ka ce can za mu kafa, ka bi bayansu. Yaran ba su ji ba. Ni da Kelvin ne kawai muka ji.

Tudun ba inuwa ko ta kara. Iska na kaɗawa, ƙasa kamar ƙarfe, turke ba ya shiga. A ƙasa kuwa ga rafin a bushe ƙarau, yashi fari mai laushi, inuwa lumshi. Bayana na ciwo tun a mota. Na ce wa Kelvin mu sauka can. Ya ce Lyall zai cinye mu ɗanye. Na ce masa ni ma a ƙasar nan aka haife ni, ya dubi sama ya nuna mini gajimare ko ɗaya. Ya duba, babu. Na ce shekara nawa rabon rafin nan da ruwa, kuma na gaji da yayana yana juya ni kamar 'yar shekara tara. Kelvin mutum ne da ba ya son hayaniya. Ya yi dariya ya ce, "To, shugaba, in ya zo ke za ki tare shi." Ya sauke motar cikin rafin, ya kafa tantuna biyu, ya ɗaure karensa a bayan mota don kada ya bi awakin jeji.

An yi ruwa a can arewa, bayan tsaunukan da ba ma gani daga cikin rafin. Mu ko ɗigo bai taɓa mu ba. Wajen ƙarfe huɗu ina kan gaɓa ina tsintar itace na ji ƙara kamar jirgin ƙasa na zuwa. Kelvin ya gane kafin ni. Ya hau gaɓar da gudu, har ya iso kusa da ni, sai karen ya yi haushi. Ya juya. Ban riƙe shi ba. Abin da ya fara zuwa ma ba ruwa ba ne, gungume ne da laka da duwatsu, ruwan na biye. Kafin in kira sunansa sau biyu, ba mota, ba tanti, ba shi.

Daga kan tsauni ka ga ruwan. Ka rufe wa yaran ido ka sauko da su ta baya. Bayan kwana biyu kai ka samo gawar Kelvin, kilomita takwas ƙasa, a sarƙe cikin rassa, daidai irin wurin da kake nuna wa mutane.

Da ɗan sanda ya buɗe littafinsa ya tambayi wanda ya zaɓi wurin, na buɗe baki. Ka riga ni. Ka ce kai ne. Ka faɗi haka a gabansa, ka sake faɗa a gaban masu bincike, ka faɗa wa surukata, uwar Kelvin, wadda ta mare ka a ƙofar coci mutane na kallo. Da muka keɓe a bayan gidanka na ce ba zan iya ba. Ka riƙe kafaɗata ka ce, "Auta, yaran nan uba suka rasa. In suka ji, sun rasa uwa. Ni kawu ne, ana rayuwa ba kawu."

Na yi shiru. Na ce wa kaina don yara nake yi. Yaran suka girma, suka yi aure, ban daina shirun ba.

Abin da ka sha, na gani da idona. Makaranta ta daina kiranka. Matan coci suka nemi wani. Ambulan ta daina hawa jikin firjin Coralie. Kana da shekara hamsin da bakwai ka koma gyaran shingen waya a gonakin mutane, rana da sanyi, har hannuwanka suka tsattsage. A mashaya wani ya taɓa ɗaga murya ya ce, "Malam masani, yau ina za mu kwana, cikin rijiya?" Aka yi dariya. Ka ƙarasa abin shanka ka ce masa rijiya ta fi rafi, ko ba komai an san ranar da take da ruwa. Ka fito, ba ka sake shiga ba.

Sharee ba ta gayyace ka bikinta ba. Ka aiko da akwatin katako da ka sassaƙa mata, ta mayar. Ni na kai maka shi da hannuna. Kuma duk farkon sanyi sai na tashi na tarar ka jibge mini itace a bakin ƙofa, an faskare, an jera.

Mako guda kafin rasuwarka na je asibiti. Ka rame, numfashi na yi maka wuya, amma kana ta ƙorafi wai sun sa gadonka a ƙarƙashin fanka, ba ka yarda da ƙusoshinta ba. Na ce maka zan faɗa wa kowa. Ka girgiza kai. Ka ce an riga an biya, kada a biya sau biyu. Na ce sunanka fa? Ka ce, "Suna ai ba ya jin sanyi. Ki bar shi."

Ka yafe mini, Lyall, ba zan bari ba. Na yi maka biyayya shekara goma sha huɗu a inda bai kamata ba, bayan na ƙi yi maka ita a yini ɗaya da ya kamata.

Ranar Alhamis, kafin jana'iza, na je wurin Coralie na faɗa mata. Ta ce ba ka taɓa gaya mata ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba, don ta san mijinta ba zai kwantar da ko kare a cikin rafi ba. Ta ce abin da take jira kawai shi ne ranar da zan zo, kuma na makara. Gaskiya ta faɗa. Ba ta kore ni ba, ba ta kuma ba ni shayi ba.

Daga nan na kira 'ya'yana. Janine ta yi kuka, ta kamo hanya daga Whyalla a ranar. Sharee ta saurara har ƙarshe, ta tambaye ni sau ɗaya ko akwatin nan yana nan, sannan ta kashe waya. Ta zo jana'iza, ta tsaya kusa da Coralie, ta zuba ƙasa a kabarinka da hannunta. Ba ta dube ni ba. Har yau da nake rubuta wannan ba ta kira ni ba. Wataƙila abin da ka ji tsoro ne ya faru. In haka ne, kayana ne, ka ɗaukar mini su ya isa.

Saboda haka duk wanda ya karanta wannan a garin Quorn da Hawker da gonakin da ke tsakani, ya sani: Lyall Treloar tudu ya zaɓa. Ni, Glenys Noske, ni na sauke mu cikin rafi. Wanda ya taɓa faɗin akasin haka, ni na sa shi kuskure, kada ya zargi kansa fiye da yadda zai zarge ni. Masu shiga jeji da yaransu a hutu mai zuwa, ku riƙe abin da ya koya muku, bai taɓa karya shi ba ko sau ɗaya.

Da aka gama binne ka mutane suka watse, na tsaya. Kabarin yana can gefen sama na maƙabarta, wuri mai tsakuwa, iska na kaɗawa, ba inuwa ko ta kara. Na ɗaga kai na duba kamar yadda ka koya mini. Ba reshe a samanka, ba tarkacen ruwa ko'ina kusa. Wuri ne mai kyau, Yaya. Wannan karon ba wanda zai sauke ka.

Allah ya ji ƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya saka maka da abin da mu muka hana ka. Allah ya sa ka huta. Ya ji ƙan Kelvin, da surukata da ta mutu tana fushi da wanda bai yi mata laifi ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Coralie, da ɗansu Warwick da iyalinsa, da duk dangin Treloar, tare da roƙon gafararsu in za su iya. Allah ya ba su haƙuri da dangana. Ya sanyaya zuciyar Sharee da Janine, waɗanda suka rasa kawu sau biyu. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da gaskiya a bakinmu. Amin.

Glenys Noske
Quorn