Kabewar Inna da Injin Tankaɗe

Ranar da Auta ya kawo injin nan gidanmu, a bayan a-kori-kura ya zo, ƙarti uku na tallafe da shi kamar an sallamo mara lafiya daga asibiti. Ina tsakar gida ina tsintar wake. Na ɗaga kai na ga tsohon duro, an yanke jikinsa an naɗe shi da ragar waya, an kwantar da shi a kan ƙafafu huɗu na ƙarfe, ga injin tsohon famfon ruwa a gefe an haɗa su da bel. Na tambaye shi na gasa masara ne ko na suyar gyaɗa. Ya ce na tankaɗen taki ne. Taki dai, wanda kaji suke tonawa kyauta tun da aka halicce su.

Auta ƙanena ne, shi ne na ƙarshe a ɗakinmu, kuma da iyayinsa aka haife shi. A wani ofis yake aiki a Abuja. Ya bi motar asuba ya tafi, ya dawo da magariba a gajiye, kuma iyakar sanina takardu yake jerawa. Amma tun da ya sayi babbar waya ya zama masanin komai, daga ciwon ƙoda har kiwon tarwaɗa. A wayar ya ga wani Bature yana tankaɗe taki a lambunsa, shi ne ya kai wa wani mai walda a Gauraka hoton, suka haɗu suka ƙera wannan abin. Injiniya nake ce masa, yana amsawa baki har kunne.

Gidanmu tsohon gida ne a unguwar Magajiya cikin Suleja, irin waɗanda har yanzu suke da ɗan fili a bayan ɗakuna. Na dawo cikinsa bayan rasuwar maigidana, na tarar da mahaifiyarmu, Inna, da ƙarfinta, tana noma filin nan da 'yar fartanya. A ƙarshen filin, jikin katanga, akwai juji. Duk abin da gidan ya ci ya rage can yake zuwa: ɓawon doya, toka, kashin awaki, sharar tsakar gida. Jujin ya girme ni.

A cikinsa Inna take ajiye irin kabewarta. Ba kabewar kasuwa ba ce. 'Yar ƙarama ce mai dogon wuya, bayanta kore da ɗigo-ɗigon fari, cikinta ja kamar manja, idan ta shiga miyar taushe ko gyaɗa ba a sa ba sai ta yi kauri. Daga ƙauyensu Inna ta zo da ita lokacin aurenta, can gaba da Garam, ita ma a hannun uwarta ta karɓa. Ba ta taɓa ƙulle 'ya'yan a tsumma ko ta zuba a kwalba ba. Ta ce a ɗaki ɓera ne da ƙwaro suke rabawa. Idan kaka ta yi sai ta zaɓi wadda ta fi kyau, ta haƙa rami a kusurwar jujin wajen gindin lemun tsami, ta binne ta ɗungurungum cikin toka. Ruwan fari na sauka sai ka ga sun fito cunkus, ta cire ta dasa. Haka take yi kowace shekara, ba ta taɓa rasawa ba.

A shekarar da nake ba da labari ɓarin jikin Inna ya shanye. Hannun dama da ƙafa suka daina aiki, harshenta ya yi nauyi. Da kaka ta yi, ta sa na jero mata kabewoyin a bakin gado, ta nuna ɗaya da hannun hagu, ta ce in je in binne. Ni na haƙa ramin, ni na zuba tokar. Sauran muka cinye su kaf kafin azumi. Wato duk duniya irin nan ba shi da wani wuri sai wannan kusurwa, kuma ni kaɗai na san an yi, don Auta bai taɓa tambayar inda kabewa take fitowa ba. Shi dai ya ga miya a kwano.

Ranar Asabar ta farko ya fito da doguwar waya, ya jona injin daga ɗakinsa. Ya gayyato wani abokin aikinsa da ke haya a unguwarmu, ya ba shi waya ya riƙe, wai za su ɗauka su tura wa mutanen ofis. Da na ga ya nufi jujin da shebur, na tashi na bi shi. Wallahi na buɗe baki, har na fara. Na ce, "Injiniya, kafin ka taɓa jujin nan..."

Bai bari na ƙarasa ba. Ya juyo yana murmushin nan nasa na gaban waya, ya ce, "Yaya, don Allah ki bari. Wannan ba tankaɗen garin tuwo ba ne."

Abokin ya ƙyalƙyale da dariya. Ni da na goya shi, na wanke masa kashi, yau ni ake mayarwa madafa a gaban baƙo. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ja bakina na tsuke, na koma kan kujerata, na ce a raina to bismilla, mu gani.

Na kuwa gani. Yana kunnawa abin ya ɗauki ƙara kamar injin markaɗe ya haɗiyi cokali, awaki suka tsinke igiya. Duron ya fara juyawa, ya zuba shebur biyu, sai ga baƙar ƙasa ta tashi ta sauka a kan wankin da na shanya. Dokar injin ita ce mai laushi ya zubo ta ragar ƙasa, tarkace kuma ya fita ta baki. To jujin Suleja ba na Bature ba ne. Ledar ruwa ce, da ƙashin shanu, da ƙwallon mangwaro, da silifas ɗin da ya ɓace tun ina budurwa. Leda ta naɗe ƙarfen, bel ya zame. Ya mayar, ya sake zamewa. Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Abokin ya sauke waya ya ce yana da uzuri. Abin da aka samu ranar bai cika kwando biyu ba, abin da Inna take yi da tsohuwar rariya kafin ruwan shayi ya tafasa.

Asabar ta biyu bel ɗin tsinkewa ya yi gaba ɗaya, ya tsallake katanga ya faɗa gidan maƙwabta. Na yi dariya har da hawaye. Na shiga na ba Inna labari, ita ma ta murmusa da gefen bakinta mai motsi. Sannan ta tambaye ni, da ƙyar, ko kusurwarta tana nan. Na ce tana nan lafiya lau, ai a yadda yake tafiya ko jikokinsa ba za su kai can ba.

Wannan ita ce maganar da har yau take ci mini rai. Daga bakin jujin ya fara, kusurwar kuwa tana can ƙarshe. Fartanya tana jingine a ƙofar madafa. Da na ɗauka na tono abin na zuba a tsohuwar tukunya, ko tsawon sallar nafila ba zai ɗauke ni ba. Na yi tunanin hakan, ba sau ɗaya ba. Amma sai na ga idan na tono, kamar na yarda ke nan injin zai yi aiki. Kuma idan ya gan ni ya tambaya, dole in yi masa bayani, ni kuwa na rantse ba zan sake ce masa uffan a kan jujin nan ba sai ya zo da kansa ya ce Yaya yi haƙuri. Jira nake ya gaji ya jefar da tarkacensa, in samu abin yi masa gori har ƙarshen rayuwa.

Asabar ta uku ina da suna a wata unguwa. Na shirya Inna, na bar mata kunu, na roƙi matar maƙwabcinmu ta riƙa leƙa ta, na fita tun hantsi. A gidan sunan ni ce gwanar hira. Na kwaikwayi ƙarar injin, na kwaikwayi tafiyar Injiniya da shebur, mata suna riƙe ciki. Bayan azahar wata ta kalli sama ta ce yau kam masu wuta sun yi abin kirki, tun safe fanka take juyawa ba ta tsaya ba. Na ɗaga kai na kalli fankar. Na tuna injin Auta. Ko sallama ban yi ba na ɗauki mayafina.

Ashe cikin mako ya koma Gauraka an sa masa sabon bel, kuma wani ya ba shi shawara ya baza jujin ya sha rana. Na shigo na tarar babu juji. An share wurin fes har jikin katanga, ana ganin saiwar lemun tsami. Buhunan taki suna jere, mai laushi kamar garin alkama, shi kuma yana tsaye baƙi ƙirin da ƙasa, haƙora kawai ake gani. Ya ce in zo in taɓa in ji. Na tambaye shi ina abin da ya fita ta bakin duron. Ya ce ai shara ce, mai kwasar bola ya zo da baro ya yi sawu uku.

'Ya'yan kabewa sun fi ramin ragar girma. Wannan ko ni da ban iya tankaɗen komai ba sai garin tuwo na sani.

Na gaya masa abin da ke kusurwar. Ya tsaya yana kallona, fara'ar ta zube daga fuskarsa. Ya ce, "Me ya sa ba ki faɗa mini ba?" Na ce ai na fara ka katse ni. Ya ce wannan mako biyu ke nan, Yaya. Sai na hau shi da faɗa, na ce masa duk abin da ya zo bakina game da shi da wayarsa da Baturensa.

Washegari na nemo mai bolar, ya nuna mini inda ya zubar, babban juji na bakin rafi. An riga an cinna masa wuta, awaki suna kiwo a gefen da bai ci ba. Na tsaya cikin hayaƙi da sanda ina tone-tone, mace da girmanta, masu wucewa suna kallona. Na samo ƙwallon mangwaro ya fi a ƙirga. Cikin makon na shiga mota na tafi ƙauyen su Inna. Gonakin da take ba mu labari duk an yanka su filaye, bulo ne a ko'ina da allunan sayarwa. Wata tsohuwa 'yar uwarta ta ce rabonsu da irin wannan kabewa an daɗe, su da suke jin cewa mu ne muke da ita a birni.

Auta bai sake kunna injin ba. Ya baza takin nan duka a filin, kullum kafin ya bi motar asuba sai ya ba shi ruwa, ko Allah zai sa ɗaya ta kuɓuce ta raga. Abubuwa sun fito kam: alayyafo, tumatir, lalo, duk masu ƙananan 'ya'ya. Ya zo mini da shawarar mu sayo iri a kasuwa mu shuka a gindin lemun, wai Inna ba za ta gane ba. Na ce masa matar da ta shekara hamsin tana kallon ganyen nan ce ba za ta gane ba?

Ruwan fari ya sauka. Da safe ina shafa mata mai, Inna ta ce, "Ta fito?" Na ce tukuna. Aka yi na biyu, ta sake tambaya, na ce ƙasa ba ta jiƙu sosai ba. Bayan ruwa na uku ba ta tambaya ba. Ta ce a fitar da ita.

Ranar Lahadi ce, Auta yana gida. Muka ɗauke ta mu biyu muka zaunar da ita a kujerar roba a bakin filin. Wurin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba, kore shar, Auta ya ja layi-layi ya dasa latas da kabeji. Inna ba ta kalli ko ɗaya ba. Gindin lemun take kallo, inda babu komai sai ƙasa a share. Ta daɗe tana kallo.

Auta ya durƙusa a gabanta ya fara bayani, ya ce shi ne, injinsa ne, ta yafe masa. Ta ɗora hannun hagu a kansa ba tare da ta dube shi ba. Ta ce, "Shi ai bai sani ba." Sannan ta juyo da fuskarta wajena a hankali, ta tattaro harshen nan mai nauyi.

"Ke na ba wa."

Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Da zagina ta yi, ko ta yi kuka, da na samu abin riƙewa. Muka mayar da ita ɗaki, na gyara mata matashi, na kawo mata kunu ta sha. Ta rayu damina biyu bayan haka, ni nake mata wanka, ni nake ba ta abinci a baki, kuma ba ta sake ambaton kabewa a gabana ba.