Mita Hamsin da Biyu na Maigidana

Maigidana tela ne, amma in kana so ka ga haƙoransa kada ka ɓata lokaci wajen yaba masa ɗinki, ka kira shi Mai Mashi kawai. Yana saurayi ya yi wani jifan mashi a gasar makarantun sakandare, mita hamsin da biyu da santimita sha takwas, aka yi shekara talatin da ɗaya babu ɗalibin da ya wuce shi. Labarin jifan nan na sha shi har ya ishe ni. Wanda ya kawo ɗinkin wando ma sai ya saurare shi kafin a auna masa ƙugu.

Da kafaɗa ta fara ciwo sai Malam ya koma alƙalancin gasar. Duk shekara ranar gasa yakan rufe shago, ya cire tef ɗin da ke wuyansa, ya ɗauko dogon tef na ƙarfe da yake gogewa da man keken ɗinki. Ni kuma in bi shi da gorar ruwa da maganin hawan jini, don in ba na wurin ba zai sha ba.

A gida mutum ne mai sanyi, jikoki har hular kansa suke cirewa. A fili kuwa ba shi da ɗan'uwa. Ka taka farin layi ko da yatsa ɗaya ne, jar tuta. Ka fita daga hanyar gudu tun mashi bai sauka ba, jar tuta. Ba ya yarda a ja tef sakwa-sakwa, sai an ɗora bakinsa daidai inda tsinin mashi ya fara taɓa ƙasa, an miƙe shi sosai, sannan shi ya durƙusa a layi ya karanta. Ya taɓa soke jifan ɗan ƙanwarsa, ta yi wata biyu ba ta taka gidanmu ba.

Bara aka zo da wani yaro daga wata ƙaramar makaranta, siriri, abokansa na kiransa Tsinke. Jifansa na farko ya sauka a mita arba'in da tara. Na ga Malam ya gyara zaman tabarau. Da aka zo zagayen ƙarshe sai ya bar wani a layi, ya dawo gefen inda mashi ke sauka, kusa da bencin da nake zaune.

Tsinke ya taho a guje ya saki mashi, ya ci birki taki guda kafin layi. Mashin ya yi ta tafiya, ya tsallake 'yar tutar da ake kafawa a wurin tarihin Malam, ya sauko a ɗan kwance, ya zame cikin ciyawa bai kafe ba.

A doka ba dole ne ya kafe ba, amma sai tsini ya riga jela taɓa ƙasa. Mai duba saukar ranar wani matashin malamin motsa jiki ne. Malam ne ya koya masa aikin, shi ya ɗinka masa kayan angonci, har yau in zai gaishe shi sai ya rusuna. Ya dubi mashi, ya dubi Malam, ya ɗaga jar tuta.

Tsinke ya ɗora hannu a ka. Ni dai ban san kan wasa ba, amma ido gare ni, kuma tsini na ga ya riga. Na juya na dubi mijina. Yana tsaye bai motsa ba.

Can ya taka ya isa wurin, ya tambayi matashin abin da ya gani.

"Baba, kamar jela ce ta riga."

"Ba a ɗaga tuta da kamar."

Matashin ya sunkuyar da kai ya rage murya, amma na ji shi. "Baba, shekara talatin fa. Wallahi ba zan iya ba."

Malam ya durƙusa da gwiwoyinsa masu ƙara, ya buɗa ciyawa, ya nuna inda ƙarfe ya tsaga ƙasa, ya ce a kawo tef. Da kansa ya koma layi ya karanta: mita hamsin da biyu da santimita sittin da ɗaya. Ya faɗa da ƙarfi har sau biyu, ya miƙa wa yaron hannu. Ɗalibai suka ɗaga Tsinke sama suna ihu, ba su sha wahala ba kuwa, don ba shi da wani nauyi.

Da la'asar muka isa gida. Malam ya zauna a bakin gado yana kwance igiyar takalmi, ya daɗe a kan ƙafa ɗaya. Na ɗauka jimamin tarihinsa yake yi, har na fara lallashinsa cewa ai shekara talatin da ɗaya ba wasa ba ce.

Ya ce, "Ba shi ba ne. Kin san da ya ɗaga jar tutar nan daɗi na ji? Na ga tsinin da idona, amma na tsaya ina fatan a wuce wurin."

Na ce na gani.

"Ashe kin gani."

"Numfashi uku ka yi kafin ka motsa, Malam. Na ƙirga."

Ya rufe fuska da tafin hannu, ya ce kunyar kansa yake ji. Tausayinsa ya kama ni har idona ya ciko, ni da nake masa dariya tun ranar da aka kawo ni gidan nan. Na zauna kusa da shi na ce masa jifan da yake ta cika mana kunne da shi ban gani ba, lokacin ko sanina bai yi ba. Na yau kuwa a gabana aka yi, kuma shi zan ba jikokinsa labari.

Ya ce in zan ba su, kada in cire numfashi ukun.